Ba a fafe gora ranar tafiya: jakar goyo ta makiyayi

Yau maganar jaka za mu yi, irin wadda ake goyawa a baya. Wani zai ce mi ya haɗa ma'aikacin lafiyar bisashe da zancen jaka. To, ka bi ni sannu.

Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji ta doso mashekari ya san yadda abin yake. Hankalinka duka yana kan bisashe. Ka kwance maruƙa, ka kora shanu, ka ƙwala wa yara kira. Sai an yi nisa, numfashi ya dawo, sannan ka tuna katin ɗan ƙasa yana cikin bukka, takardar allura tana ƙarƙashin tabarma, ruwan sha ko kurɓi babu. Ranar tashin hankali mutum ba ya iya tsayawa ya yi lissafi. Shi ya sa ake yin lissafin tun ana zaune lafiya, a zuba shi cikin jaka, a rataye.

A shekara ta 2010 ina sabon shiga aiki a arewacin jihar Maraɗi. Ciyawa ta ƙare tun da wuri, bisashe suka rame. Da ruwan farko ya sauko da iska da sanyi, waɗanda suka jure yunwa ma suka faɗi. Na ga magidanta sun taso daga mashekari cikin dare, kayansu jagab. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda suka yi hasara, wasu ba su da ko takarda guda da za su nuna, ruwa ya cinye. Ni kaina ban tsira ba. Jakata ƴar araha ce ta kasuwa, igiyarta ta tsinke ina bisa moto, ma'aunin zafi ya fashe, magani ya zube cikin guzurina. Tun ranan nan na daina raina zancen jaka.

MI MUKE YI WA SHIRI?

Kowane lokaci na shekara da irin nasa.

Da damana, ruwa ne. A 2020 kogi ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ambaliya ta taɓa fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar nan, fiye da 300 suka rasu, jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi muni, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe a watan Satumba. Ka tuna Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa. Ana iya sheƙa ruwa can wajen Katsina, kai kana nan cikin rana, da dare gulbi ya iso maka. Haka ƙoramun Maggiya da na Tarka suke tasowa ba sallama.

Da kaka da ɗari, wuta ce. Daga watan Oktoba, in ciyawa ta bushe iska ta taso, gobara takan cinye makiyaya a wajen Abalak, Bermo, Dakwaro, Tanut da Gure. Shekarar da aka samu ciyawa da yawa ita ce ta fi gobara.

Da rani da bazara, ƙishirwa ce da doguwar tafiya. Tsofaffinmu ba su manta da 1973 da 1984 ba, mu kuma mun ga 2005 da 2010.

Sai waɗanda ba su da lokaci: cuta da ɓarayin bisashe. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun sani. A 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, da yawa daga cikinsu da kayan jikinsu kawai.

Abu guda ya haɗa su duka. Mutum yakan tashi ba shiri, ya yi kwana biyu ko uku kafin ya isa gari ko taimako ya iso masa. Waɗannan kwanaki uku su muke yi wa shiri.

DON MI JAKAR GOYO?

Iyayenmu suna da burgami, da gafaka, da salka. Ba mu ce a yar da su ba. Har yau babu abin da ya kai salka sanyaya ruwa. Amma jakar da ake ratayawa a kafaɗa guda tana lilo, tana bugun kwiɓi, tana tare hannu. Jakar goyo tana raba nauyi bisa kafaɗu biyu, ta bar maka hannuwa biyu: ɗaya da sanda, ɗaya da igiya ko hannun yaro. In akuya ta haihu a daji, da hannun nan za ka ɗauko ɗan.

Jaka biyu ake so. Ta farko ƙarama ce, ita ce ta kullum, wadda kake fita kiyo da ita. Ta biyu ta fi girma, ita ce ta gaggawa, tana rataye a gida ba a taɓa ta. In ƙarfinka bai kai na biyu ba, fara da ta kullum. Hatsari ya fi samun makiyayi a daji, nesa da bukka, jakar da ke bayansa a lokacin ita ce tasa.

YADDA ZA KA ZAƁI JAKA A KASUWA

Kada kyawun launi ya ruɗe ka. Ɗauke ta a hannu ka duba waɗannan:

1. Girma. Da lita ake auna cikin jaka. Mai lita 20 cikinta ya kai na bidon ɗin ruwa da ka sani. Ta kullum, lita 15 zuwa 25 ta isa. Ta gaggawa, lita 35 zuwa 45. Wadda ta wuce haka za ka cika ta ne kawai har ta gagare ka ɗauka.

2. Yadi. Nemi mai kauri irin na tamfol. Ɗaga ta wajen rana: in haske yana ratsawa, ƙaya ma za ta ratsa. Guji mai raga-raga da yawa a waje, ƙarangiya tana maƙalewa a jiki ba ta fita.

3. Igiyoyin kafaɗa. Su zama masu faɗi, kamar yatsa uku, da laushi a ciki. Siririyar igiya tana yanka kafaɗa. Ja su da ƙarfi a gaban mai kaya ka ga ko ɗinkin zai buɗe. Nan ne jaka take fara mutuwa.

4. Ɗamara. Jakar gaggawa tana son igiyar da ake ɗaurewa a ƙugu. Ita ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta hana jaka tsalle in kana gudu ko kana bisa raƙumi.

5. Baki. Rairayi shi ne maƙiyin zip. Jakar da ake tsuke bakinta da igiya, marfi ya rufe daga sama, ta fi daɗewa a daji. In mai zip ce, zaɓi mai manyan haƙora, ka riƙa goga masa kyandir ko sabulu busasshe.

6. Aljihu. Biyu ko uku a waje sun isa, da na gefe inda gorar ruwa za ta zauna.

7. Launi. A kiyaye da wannan sosai: kada ka sayi jaka mai kalar kakin soja ko mai tambarin soja, ko da ta fi ƙwari ta fi araha. Inda babu kwanciyar hankali, jami'in tsaro zai iya ɗaukar ka wani abu, ɗan bindiga ma haka. Zaɓi shuɗiya ko ruwan ƙasa marar zane. Baƙa tana jan zafin rana, ba ta dace da magani ba.

Sau da yawa tsohuwar jakar gwanjo mai ƙwari ta fi sabuwa ƴar araha. Ko wace ka saya, bi da ita wurin baduku ya ƙara ɗinki inda igiyoyi suka haɗu da jiki, ya sa mata fata a gindi. Ɗan abin da za ka ba shi zai ƙara mata shekaru.

Ka sani kuma, babu jakar da ruwa ba ya shiga in an daɗe ana yi. Sa babbar leda mai kauri a ciki, ka zuba kaya cikin ledar, ka murɗe bakinta.

NAUYI NAWA?

Jakar kullum kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka. Ta gaggawa kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar. Misali, mutum mai kilo 60: ta kullum kilo 6, ta gaggawa kilo 12, wato kusan tiya biyar ta hatsi. Yaro, kashi ɗaya cikin goma ne iyakarsa ko yaushe.

Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Mai tafiya cikin rana yana shan lita 4 ko fiye a yini. Ruwan kwana uku kenan ya cinye kilo 12 shi kaɗai. Don haka babban ruwa, da tukunya, da hatsi, da gishirin bisashe, kayan jaki ne ko raƙumi. Abin da ke cikin jaka shi ne wanda in jaki ya ɓace, ko an bar shi baya, za ka iya rayuwa da shi.

JAKAR KULLUM

Ga abin da bai kamata ka fita kiyo babu shi ba:

- ruwa, lita 2 aƙalla;
- guzurin yini, da ɗan ƙari na kwana guda: dabino, ƙuli-ƙuli ko cuku;
- wuƙa mai kube;
- igiya mai ƙwari, kamar gaba biyar;
- tocila da pil na canji;
- ashana cikin ƙaramar kwalba mai marfi;
- salula da cajinta a cike;
- usur, don kira in murya ta gaza;
- sabulu, bandeji, da ƙyalle mai tsabta;
- gishirin zawo, ƙunshi biyu;
- safar hannu ta roba, ko leda mai kauri;
- allura da zare, da ɗan hantsaki na cire ƙaya da kaska;
- leda babba ko guntun tamfol na fakewa daga ruwa.

Maganar ashana tana da sharaɗi. Garwashin shayi da ba a kashe ba, da guntun taba, suna cikin abubuwan da ke tada gobara. Share wuri kafin ka hura wuta, ka binne ta da ƙasa kafin ka tashi.

JAKAR GAGGAWA

Takardu

Da su muka fara don su suka fi wuyar mayarwa. Bargo in ya ɓata, ranar kasuwa ka sayi wani. Takardar haihuwa in ta ɓata, sai an yi ta zirga-zirga tsakanin ma'aikatar magajin gari da gidan shari'a. Tara waɗannan:

- katin ɗan ƙasa naka da na matanka;
- takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu;
- katin awo na mai ciki;
- takardar allurar bisashe ta bana;
- takardar izinin tafiya kiyo;
- takardun sayen bisashe da aka ba ka a kasuwa;
- takardar gona ko ta rijiya da kwamitin filaye, wato COFO, ya ba ka.

Dokar kiyo ta ranar 20 ga watan Mayu 2010 ta ce yawon kiyo haƙƙi ne na makiyayi. Amma a bakin hanya, ko a garin da ba a san ka ba, takarda ce ke magana. Mutumin da ya iso da shanu ashirin cikin dare, ba takarda, ba wanda ya san shi, ana iya tsare shi a ce na sata ne. Takardar allura da ta kasuwa su za su wanke shi. In za ka ƙetare iyaka, biyo ta ma'aikatar kiyo tukuna. Takardar ƙetare iyaka da aka saba da ita CEDEAO ce ta kafa ta a 1998, Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025. Sai ka zo a duba maka takardun da hanyarka take bukata kafin ka kora garke.

Yi fotokopi na kowace takarda. Na ainihi ka naɗe su cikin leda biyu, ka sa cikin ƴar jakar fata ka rataya a wuya ƙarƙashin riga. Fotokopi su zauna cikin jakar goyo. In ɗaya ta tafi, ɗaya tana nan. Mai salula mai hoto ya ɗauki hoton takardun, da hoton manyan bisashensa ta gefen da alamar garke take. Ranar cigiya za ka gode wa kanka.

Kuɗi ma haka. Ƙananan takardu ake so, ƴan dala ɗari da ƴan jika, don ba a samun canji a daji. Raba su biyu, rabi a jiki, rabi a jaka. Sa a rubuta maka lambobin waya bisa takarda: na ɗan'uwa a gari, na maigari ko ardo, na ma'aikacin kiyo, na likita mafi kusa, na jandarma. Salula tana mutuwa, tana faɗawa rijiya, ana ƙwace ta.

Ruwa

Lita 2 zuwa 3 a cikin jaka, da abin gyara wanda za ka samu a hanya. Ruwan tabkin da bisashe suke shiga yana kawo zawo, zawo kuwa a hanya shi ke kada yaro. Tace shi da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta, sannan a tafasa. In babu halin wuta, akwai ƙwayar gyaran ruwa irin su Aquatabs. Tambayi mai sayarwa ta lita nawa ce, ka jefa daidai, ka jira minti 30 kafin a sha. Kada ka taɓa zuba ruwan sha cikin bidon ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na kaska, ko an wanke shi sau goma.

Abinci

Na kwana uku, wanda ba ya son wuta kuma ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, tukuɗi, kilishi, sukari, ɗan gishiri, ganyen shayi. Kowanne cikin ledarsa a ɗaure. Ƙara ƙaramin kwanon ƙarfe, wanda za a sha da shi, a jiƙa gari, a tafasa ruwa.

Kwanciya

Bargo marar nauyi, sange, tufafin canji guda, guntun tamfol. Kada ka bar sange don sauri. Wanda ambaliya ta kora bakin ruwa yake kwana, nan sauro yake. Ƙaramar rediyo ma tana da amfani, don gidajen rediyon karkara su ke faɗin inda wuta ta nufa da inda ake taimako. Mai hali ya ƙara ƙaramin faranti mai cajin salula da hasken rana.

Maganin mutane

Parasetamol, gishirin zawo, jan maganin wanke ciwo, bandeji, auduga, sabulu, sabuwar reza. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ajiye maganin sati guda. Gishirin zawo ƙunshi guda cikin lita guda ta ruwa mai tsabta ake kaɗawa. In ya ƙare, haɗa da kanka: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. Yaro mai zazzaɓi da damana, parasetamol sauƙi kawai yake ba shi, sai an kai shi likita an gwada jini.

Saran maciji kuwa, babu maganinsa cikin jaka. In kububuwa ko kasa ta sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. Cire zobe da awarwaro, a ɗora wa gaɓar sanda a naɗe da ƙyalle don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya fidda dafi, lokaci kawai yake ci. Abin da ke cikin jaka mai taimako a nan shi ne salula da kuɗin moto.

Kayan bisashe

Nan ne aka fi yin kuskure, don wasu suna mai da jaka kantin magani. Kaɗan ake so:

- ma'aunin zafi cikin kwanonsa;
- safar hannu;
- shuɗin maganin fesa wa ciwo;
- ƙwayar tsutsar ciki ƴan kaɗan;
- man gyaɗa cikin ƙaramar gora;
- almakashi da igiyar dabaibayi.

Ma'aunin zafi shi ne bakinka wurin likitan bisashe. Sa shi a duburar dabba da sanyin safiya, minti biyu. Saniya mai lafiya tana tsakanin 38 da 39. Tunkiya da akuya daga 38 da rabi zuwa kusa da 40. In saniya ta kai 40, ko akuya ta wuce 40, akwai zazzaɓi. In ka kira mu ka ce "tana 40 da rabi, tana tari, kwana biyu ba ta ci ba", mun san abin da za mu ɗauko. In ka ce "ba ta da lafiya" kawai, sai mu zo da lalube.

Safar hannu don ranka ce. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a wajen Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa. Bisashe suka yi ta ɓari, mutane suka kamu, wasu suka rasu, yawancinsu makiyaya. Ta jini da ruwan haihuwa da ɗanyen nono cutar ke shiga mutum. Kada ka taɓa ɗan ɓari ko mahaifa da hannu tsirara. Haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura: ana zaton ciwon saifa ne. Kada a feɗe, kada a ci, a kira mu.

Man gyaɗa don kumburin ciki ne, irin na ɗanyar ciyawar farkon damana. Saniya kamar rubu'in lita, tunkiya ko akuya kamar kofin shayi guda. A ba ta sannu ta gefen baki don kada ya sarƙe ta. Kumburin da gyauron dawa ya kawo guba ce, mai ba ya isa, sai a nemi ma'aikaci da gaggawa.

Ƙwayar tsutsa irin albendazol ba a ba dabbar da ta ɗauki ciki sabo-sabo. Kowane magani kuma yana da kwanakin da ba a shan nonon dabba ko cin namanta, a tambaya wurin saye.

Ga abin da ba ya shiga jaka. Maganin rigakafi, irin wanda ake yi a LABOCEL ta Yamai, sai cikin ƙanƙara yake rayuwa, yini guda a bayanka ya mutu. Rigakafin ciwon huhu na shanu da na annobar tumaki da awaki, kawo garke lokacin zagayen allura na shekara a yi masa. Maganin kaska guba ne, a ɗaure shi dabam bisa jaki. Kwalaben allura kuma a bar wa ma'aikaci ko mataimakin kiyo na yankinku, wanda aka koya wa awo. Maganin da ke shanye a rana bisa tabarmar kasuwa, ba suna ba ranar lalacewa, kada ka sa kuɗinka.

YADDA AKE JERA KAYA

Can ƙasa: abin da ba shi da nauyi kuma sai dare ake nema, bargo, sange, tufafi.

Tsakiya, manne da bayanka: masu nauyi, ruwa da abinci. In nauyi ya koma can waje, jaka za ta riƙa ja da kai baya, ƙugu ya yi ciwo.

Sama: tamfol, maganin mutane, takardun fotokopi.

Aljihun waje: tocila, wuƙa, usur, ashana, igiya. Kowane abu da wurinsa, kada a canza, har hannunka ya san hanya cikin duhu.

Maganin bisashe cikin gwangwani mai marfi, a aljihu dabam, nesa da abinci. Ɗaura wa gwangwanin jan ƙyalle don wanda bai yi karatu ba ya gane. Maganin dabba ba na mutum ba ne, ko da ƙwayoyin sun yi kama. Cire pil daga tocilar jakar gaggawa ka ajiye gefe, don yana zubar da ruwa ya ɓata ta.

In ka gama, goya ta ka ja igiyoyi har ta kwanta a bayanka, gindinta bisa ƙugu. Sannan ka tafi da ita rijiya ka dawo, ko ka yi yini guda da ita wurin kiyo. Inda ta ci maka kafaɗa, gyara. Abin da ya yi yawa, fidda.

INA ZA A AJIYE TA?

A rataye, kusa da ƙofa, cikin inuwa. A ƙasa gara za ta ci, ɓera ya huda, kunama ta shiga, ruwa ya fara da ita. Kowa a gida ya san inda take, ya san kuma ba ma'ajiyar sukarin shayi ba ce. Jakar da ake ɗiban abu ciki yau da gobe, ranar bukata wofi za a tarar.

Kada ka manta, ana iya tashi ba ka nan. Zauna da uwargida ku shirya jakar tare. Ita ta san abin da jariri yake bukata da abin da mata suke bukata. In da mai ciki a gida, a ƙara sabuwar reza, zare mai tsabta, sabulu da zane wankakke. Mace mai goyo bayanta ba ya ɗaukar jaka, sai a san tun yanzu wa zai ɗauka. Yaron da ke bin awaki a ba shi tasa ƴar ƙarama: ruwa, dabino, usur, da takarda mai sunansa, sunan ubansa da lambar waya. Ku yanke wuri guda da kowa ya sani, wata rijiya ko gidan wani ɗan'uwa, inda za a haɗu in an watse.

DUBA TA SAU HUƊU A SHEKARA

Farkon damana, lokacin kaka, tsakiyar ɗari, da shigar bazara. Zazzage ta duka bisa tabarma. Ci abincin da ke ciki ka sa sabo. Canza ruwa, wannan kam kowane sati biyu. Gwada tocila da ashana. Duba ranar lalacewar magani, in ba ka iya karantawa ba ɗan lakkol ya karanta maka. Fidda takardar allura ta bara ka sa ta bana. Da damana ƙara leda, da ɗari ƙara bargo, da bazara ƙara ruwa.

Ɗan'uwa, ba lalle ka haɗa duka rana guda ba. Kasuwar wannan sati sayi jaka da leda. Ta gaba yi fotokopi. Ta gaba tocila da gishirin zawo. Kafin wata biyu ka gama, kuɗin kuma bai kai na ɗan akuya mai kyau ba. In ka haɗa, kawo ta ma'aikatar kiyo ko wurin likitan bisashe na yankinku mu duba maganin tare, mu nuna maka yadda ake karanta ma'aunin zafi.

Allah ya kiyaye garke da masu garke, ya ba mu damana mai albarka.